Tunkiyar Iya Tabawa

Ku gyara zama, yau gardama na kawo muku, kuma ba ni zan raba ta ba.

A wani ƙauye na masu noman rani akwai hanya a kan gaɓar kanal, wato babbar magudanar ruwan noman rani, siririya ƙwarai, keke biyu sai sun kusa gogar juna suke wucewa. Ta hagu ruwa ne mai zurfi, ta dama gangare ne zuwa gonaki. Don haka masu keke suka kafa wa kansu ƙa'ida. In za ka wuce na gabanka, sai ka kaɗa ƙararrawa sau biyu, ka ce "Gafara dai," ka jira ya yi maka hannu, sannan ka bi ta hagunsa, gefen ruwa. Ko gobara ake yi a gidanka, haka za ka yi.

Wata safiya kububuwa ta sari Iya Tabawa a gonar albasa. Ɗanta Tanimu ya ɗora ta a bayan keke, ya ɗaure ta a jikinsa da zani domin jiri ya fara ɗibar ta, ya nufi asibitin gari inda ake allurar dafi. Tsoro ya cika shi, don ita kaɗai ta rage masa. Yana cikin zabga gudu sai ya tarar da masu keke uku jere a gabansa.

Na baya shi ne Ilu, mai kai nono gari kullum. Tanimu ya kaɗa ƙararrawa, ya yi gafara, Ilu ya waiwaya ya ga halin da ake ciki, amma maimakon ya yi hannu sai ya karkato tsakiya ya tare hanyar. Tanimu ya zage shi, ya zagi iyayensa, har ya kai wa ƙeyarsa duka. Duk da haka Ilu bai kauce ba. Sai da suka ɗan ƙara gaba ya matsa dama ya yi hannu. Da Tanimu ya dubi baya, sai ya ga gaɓar ta zabtare ta gefen ruwa, ciyawa ta rufe ramin. Da ya wuce a lokacin da ya so, da shi da tsohuwar da ke ɗaure a jikinsa suna ƙasan kanal.

Na tsakiya Barau ne, wanda shekara biyu ke nan ba sa ga-maciji da Tanimu saboda rigimar ban-ruwa. Tanimu ya kai hannu ga ƙararrawa. Amma tun kafin ya kaɗa, Barau ya yi masa hannu, ya ce, "Kada ka matsa wa Baba Nomau, ba ya jin ƙararrawa! In ya gan ka kwatsam, ku duka ruwa za ku." Baba Nomau shi ne na gaba, tsoho kurma, kuma Barau kaɗai ya san yadda ake yi masa sallama a hanya. Ya cire hularsa ya wurga ta saman kan tsohon, ta faɗi a gabansa. Tsoho ya ga hula, ya taka birki a hankali, ya waiwayo.

To, tsayawar ba ta buɗe hanya ba. Kwanduna biyu na tumatir ne ɗaure a bayan keken Baba Nomau, sun cika gaɓar baki da baki, kuma kwance igiyarsu aiki ne na zama. Tumatirin nan shi ne tsinkar fari ta gonarsa, wata uku yana ban-ruwa da bokiti saboda ba shi da inji. Ya dubi kwandunan, ya dubi kan Iya Tabawa da ya langaɓe a kafaɗar ɗanta. Sai kawai ya tura keken gangaren dama. Igiya ta harɗe ƙafarsa ta tafi da shi, gwiwarsa ta goce, tumatir ya watse cikin taɓo. Daga can ƙasa ya ɗaga hannu ya yi wa Tanimu alamar wucewa.

A asibiti malamar jinya ta ce da an ƙara jinkiri kaɗan, da allurar ba ta yi amfani ba.

Bayan mako biyu Iya Tabawa ta tashi. Ta kira ɗanta ta ce, "Abin da na mallaka a duniya tunkiyar nan ce, ga ta da ciki, ba ta yankuwa balle a raba uku. Ka kai wa wanda ya fi tsaya mini."

Tanimu ya kama igiya ya fita. Ya tuna Ilu, wanda ya sha zagi da duka bai rama ba, kunya ta kama shi. Ya tuna Barau, da ya ajiye gaba a inda ko shiru ya yi ba mai zarginsa. Ya tuna tsohon da har yanzu yake dogara sanda. Ya isa mararrabar da ta raba gidajensu uku, ya tsaya, tunkiya tana jan ciyawa a gefensa.

To, jama'a, wanda ya hana shi wucewa, da wanda ya nema masa hanya, da wanda ya ba shi ita, ƙofar wa ya kamata Tanimu ya ɗaure tunkiyar nan?