Firjin Mutuware da Ya Ƙi Tashi

To, jama'a, ku gyara zama. Ga wata nan tafe gare ku, ba ta dariya ba ce, kuma idan ta dire ku ne za ku yanke mata hukunci.

A wani gari na bakin babban titi akwai wasu 'yan'uwa uku, uwa ɗaya uba ɗaya, masu gyaran firji. Babbansu Badamasi, mutum ne mai nauyin baki da nauyin hannu. Kafin ya kwance noti ɗaya sai ya dube shi ta gaba, ya dube shi ta baya. Autansu Nafi'u, ƙato ne mai faɗin ƙirji, magidanci da 'ya'yansa, ba shi da tsoro, ba shi kuma da haƙuri. Na tsakiyarsu Haladu, shi Allah ya ba kunne. Idan ya kara kunnensa a jikin firji, zai faɗa maka ciwon da ke damunsa tun ba a buɗe ba. Sai dai matsoraci ne na gaske, ko mushen akuya ya gani a hanya sai ya sauya layi.

Wata ranar bazara, rana ta take kai, kwalta har narkewa take yi, sai ga Baba Shitu, dattijon da ke kula da mutuware, wato ɗakin ajiye gawa na asibitin garin, ya faɗo shagonsu yana haki. Ya ce da safe wata motar fasinja ta yi hatsari a bayan gari. Masu rai sun cika ɗakunan jinya, likita yana ɗakin tiyata tun ɗazu bai fito ba. Waɗanda aka zaro daga motar ba sa motsi kuwa, tun a bakin titi aka lulluɓe su, aka kawo masa. Matafiya ne daga nesa, danginsu suna hanya. Ya jera su a babban firji, ya kunna, firjin ya ɗan yi aiki, sannan ya tsaya cak.

"Ku taimaka, 'ya'yana," in ji shi. "Da wannan zafin, kafin danginsu su iso ba za su gane nasu ba."

Haladu ya ce, "Yaya, ku je ku biyu, ni sai in tsare shago."

Badamasi ya ɗauki akwatin kayan aiki ya ce, "Tashi mu je. Ba za mu tafi mu bar kunnenmu a gida ba."

Mutuwaren yana can ƙarshen asibiti, bayan wasu bishiyoyin darbejiya. Tun daga nesa Haladu ya lura babu tsuntsu ko ɗaya a kansu, alhali ko'ina a asibitin kurciyoyi ne ke kuka. Ɗakin ba shi da taga sai wata 'yar ƙarama can kusa da rufi, hasken da ke shigowa ta nan bai kai ƙasa ba. Firjin ya cinye rabin ɗakin, ƙofofi jere a jikinsa, sama da ƙasa, an ratsa sandar ƙarfe a kansu an datse da kwaɗo. Haladu ya sunkuyar da kai, ya raɓa ta jikin bango har ya kai bayan firjin, inda kwamfiresa take, wato baƙar tukunyar ƙarfen nan da ke tura sanyi.

Badamasi ya ba ta wuta. Sai ta ɗauki gurnani, irin na mutumin da aka toshe wa baki, ƙwan fitilar ɗakin ya dushe, can sai aka ji ƙas, ta yanke. Ya cire rile, ɗan abin da ke tayar da ita, ya sa sabo. Gurnani, sannan ƙas. Ya sauya kafasita, mai ƙara mata ƙarfin tashi. Gurnani, ƙas. Ya ɗora mita ya auna wayoyin cikinta, duk lafiya lau. Ya auna wutar da ke shigowa, ta cika. Babu abin da ya lalace, amma kwamfiresa ta ƙi tashi.

La'asar ta doso. Gumi ya jiƙa rigunansu, iskar ɗakin ta fara nauyi da wani warin da ba wanda ya so ya ambata. Baba Shitu yana bakin ƙofa yana kaiwa yana komowa, makullai suna ƙara a aljihunsa.

Nafi'u ya ƙosa. Ya ce, "Yaya, wannan ɗan ƙarfen da ke yanke mata wuta shi ne matsalarmu. Mu tsallake shi, mu haɗa waya kai tsaye. Wallahi dole ta tashi."

"Za ta tashi," in ji Badamasi, "amma ba banza yake yanke wutar ba. Akwai abin da ya gani da mu ba mu gani ba."

Baba Shitu ya sa baki, "Malam Badamasi, ka bar shi ya haɗa. Ko na yinin yau ne ta yi mana."

Nafi'u har ya fiɗe bakin waya ya miƙa hannu. Badamasi ya riƙe masa wuyan hannu, ya ce, "A'a. Ban san ciwonta ba, ba zan tilasta ta ba." Ya zare wutar gaba ɗaya. "A bar ta ta huce. Haladu, zo ka saurara mana."

Ɗakin ya yi tsit.

Haladu ya durƙusa, ya kara kunne a jikin kwamfiresa. Ya ji ɗan ƙas-ƙas na ƙarfe mai hucewa, wannan ya san shi. Ya ji mai yana gangarawa a cikinta, wannan ma ya san shi. Amma a ƙarƙashin waɗannan akwai wani sauti da ba daga tukunyar yake fitowa ba, ƙarfe ne kawai yake kawo shi daga wani wuri. Zuciyarsa ta ce masa ya miƙe ya fita, amma kunnensa ya ƙi rabuwa da ƙarfen. Ya bi sautin, yana jan gwiwa, kuncinsa yana goge jikin firjin, ya zagayo gefe, ya zagayo gaba, wurin da tun shigowarsa bai yarda ya kalla ba, har ya tsaya a ƙofar ƙasa ta can lungu.

Karce ne, a hankali, kamar farce a kan faranti. Ya tsaya. Ya sake.

"Yaya," in ji Haladu, "akwai mai motsi a ciki."

Badamasi ya ce, "Gas ne ke yawo a bututu. Ko kuma ɓera. Tsoronka ne ke ƙara masa girma."

Haladu ya san kukan gas, ya san tafiyar ɓera. Ya ɗauki sukundireba, ya ƙwanƙwasa ƙofar da gindinta. Suka kasa kunne. Ba a ji komai ba, har Nafi'u ya buɗe baki zai yi tsaki.

Sai aka ƙwanƙwaso daga ciki.

Baba Shitu ya yi salati da ƙarfi, ya zura da gudu, makullai a aljihunsa. Badamasi ya ja da baya har ya manne da bango, leɓɓansa suna motsi da addu'a. Haladu kuwa ya daskare a inda yake. Ya so ya tashi ya kasa, sai yatsa kawai da ya miƙa yana nuna ƙofar.

Nafi'u ne ya ɗauki guduma. Badamasi ya ce, "Tsaya, ba ka san mene ne ba!" Nafi'u ya ce, "Ko mene ne, so yake ya fito." Ya dinga dukan kwaɗon har ya tarwatse, ya zare sandar, ya buɗe ƙofar, ya jawo gadon ƙarfen waje.

Mutum ne lulluɓe da zane. Daga inda Haladu yake durƙushe ya ga zanen yana lotsawa a daidai baki, yana tasowa, yana lotsawa. Nafi'u ya yaye shi. Mace ce, jini ya bushe a goshinta, leɓɓanta sun yi toka, idanunta a buɗe amma ba su take kallo ba. Faratan hannunta ɗaya sun kakkarye. Ɗaya hannun yana dafe da cikinta, tsohon ciki ne.

Nafi'u bai tsaya tambaya ba. Ya sungume ta ya fita a guje, ya ratsa filin asibiti, masu jinya suna watsewa suna ihun gawa ta tashi, wasu har da jifa, bai waiwaya ba sai da ya dire ta a hannun ma'aikatan jinya. Da likita ya fito daga kanta, ya ce dogon suma ta yi tun a wurin hatsarin. Ya ce da sanyin firjin ya kama, da ba ta farka ba har abada. Da kuma an ƙara jinkiri kaɗan, da iskar cikin ta ƙare mata.

Kafin magariba Badamasi da Haladu suka koma ɗauko kayan aikinsu. Badamasi ya ce bari ya gwada sau ɗaya. Bai taɓa komai ba, bai sauya komai ba, wuta kawai ya ba ta. Nan take kwamfiresa ta tashi, sumul, kamar yau aka fito da ita daga kwali. Badamasi ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Hucewa ta yi." Haladu dai ya tattara kaya da sauri.

Matar, sunanta Kubura, ta warke, kuma a wannan asibitin ta haifi ɗa namiji. Kafin ranar suna mijinta, Malam Ɗayyabu, ya zo shagon 'yan'uwan nan. Ya ce Kubura ta ba shi labari. Ta farka a cikin duhu, ta ɗauka kabari ne. Duk lokacin da gurnanin nan ya taso sai ta ji ƙarfen da take kwance a kai yana rawa, ta ce mala'iku ne suka iso. Ta ji wata murya ta ce a'a. Ta ji an ƙwanƙwasa mata. Ta ga haske. Malam Ɗayyabu ya ce, "Na yi alkawari sunan wanda ya ceto ta zan sa wa yaron nan. Ɗa ɗaya ne, suna ɗaya zai ci. Ku faɗa mini, wane ne?"

Kowannensu ya sunkuyar da kai, sai mutanen da ke zaune a bakin shagon suka ɗauki maganar.

Wasu suka ce Badamasi ne. Da bai riƙe hannun ƙanensa ba, da kwamfiresa ta tashi, sanyi ya gama da ita, ƙarar injin kuma ta binne karcen farcenta. Aka ce musu, ai shi tausayin injin yake ji, bai san da mutum ba, kuma da aka faɗa masa cewa ya yi ɓera ne.

Wasu suka ce Haladu ne. Mutum huɗu ne a ɗakin, shi kaɗai ya ji, shi ya bi sautin da gwiwa har ƙofar duk da tsoronsa, shi ya ƙwanƙwasa da aka ƙaryata shi. Aka ce musu, ai da son ransa ne ko zuwa ba zai yi ba, kuma da ta amsa masa ko tashi kasa yi ya yi.

Wasu suka ce Nafi'u ne. Mai makulli ya gudu, yayyensa sun daskare, shi ya fasa kwaɗo, shi ya yaye zanen, shi ya ratsa jifa da ita a kafaɗa. Aka ce musu, ai shi ne ya fiɗe wayar da za ta kashe ta, da an biye masa da gawa zai ɗauko.

Har aka kira sallah ba su daidaita ba, Malam Ɗayyabu yana zaune yana jira, ga ragon suna an riga an ɗaure a gida.

To, ku da kuka ji yadda aka yi tun daga farko: tsakanin Badamasi da Haladu da Nafi'u, sunan wa za a raɗa wa yaron nan?