Kurege Mai Usur a Bakin Gada

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku gyara zama, ta yau da usur a baki ta zo.

A jihar Dajin Marke, shekarar da aka shimfiɗa kwalta daga Tudun Kanya zuwa Kogin Ɓaure, babu wanda aka cuta kamar Kurege. Duk gyaɗar da ya yi kaka guda yana sata yana binnewa, masu aikin hanya suka bi ta kanta da motar daɓe, suka malala kwalta, suka yi gaba. Kurege ya yi tono har faratansa suka ƙare, kwalta ko gezau. Rani ya shigo, cikinsa ya manne da bayansa.

Hanya kuwa tun da ta yi santsi dabbobi suka haukace. Biri na tuƙi da ƙafa yana ɓare ayaba da hannu. Jaki ya sayi babur bai tambayi inda birki yake ba. A bakin sabuwar gadar da aka ɗora kan kogi, kullum sai an kwashi wani an kai wa mai ɗori. Sai Majalisar Dokokin Jiha ta ce za ta zauna ta yi doka.

Kurege ya ji ana raba ƙuli-ƙuli a zaman majalisa, sai ya saɗaɗa ya shige ƙarƙashin benci yana tsintar ɓurɓushi. A nan ya ga abin da ya fi ƙuli-ƙuli daɗi. Wani can gaba da Kurege bai hango ba yana karanta dokar hanya shafi bayan shafi, Toron Giwa, Kakakin Majalisa, ya shimfiɗa hanci a kan tebur yana minshari. Dorina mai wakiltar mazaɓar Ruwa ta wangame baki, tsuntsu na yi mata sakace. Kura mai wakiltar Kwazazzabo idonta na kan ƙofar da abinci ke shigowa. Da aka ce, "Su wa suka amince?" sai duk suka zabura firgigit suka ce, "Mun amince!"

Ba su farka da gaske ba sai da aka zo kan sunan da za a sa wa gada. Toron Giwa ya ce ai da ƙafarsa aka gwada ƙarfinta. Dorina ta ce ai a kan ruwanta aka gina ta. Aka yi jifa da kujeru, aka tashi baram-baram.

Kurege ya fito yana lasar baki. Ya ce, "Ni ne Kurege, ɗan hakin da ka raina! Sun yi doka ba su san me ta ce ba. To, ni zan gaya musu."

Da gari ya waye ya shafe ƙafafunsa da farar ƙasa kamar mai safa, ya kifa ɗan ƙoƙo a ka, ya ɗaura jan tsumma a damtse. Ya tsinci usur da wata takardar da aka taɓa ƙunshe ƙosai da ita, duk maiƙo. Ya gindaya gora a bakin gada, ya tsaya yana hura hanci.

Ba a jima ba sai ga Kura a akori-kura, ta lafta buhunan gyaɗa da ƙunshin kilishi har sama, za ta kasuwa.

Fiiit! "Tsaya! Gangara gefe!"

Kura ta leƙo, ta duba sama ba ta ga kowa ba, ta duba ƙasa. "Kai, ɗan mitsitsi, wane ne kai?"

"Babban Jami'in Kiyaye Haɗurra na Gada da Kewaye, ranki ya daɗe. Ashe ke ce! Jiya da kunnena na ji, muryarki ta fi ta kowa wajen amincewa da dokar nan."

Kura ta gyara zama. "Ƙwarai kuwa. Ni ce ma na gyara musu wasu wurare."

"Madalla. Ashe ba sai na tuna miki sashe na goma sha uku ba."

"Na san shi kamar yunwar cikina."

Kurege ya buɗe takardar ƙosai, ya riƙe ta a juye, ya yi gyaran murya. "Duk motar da lodinta ya wuce kunnen direba, abin da ya yi sama na hukuma ne."

Kura ta ɗaga kai ta dubi lodinta. Ta miƙe wuya, ta ɗage kunnuwa iya ƙarfinta, lodi dai ya ninka tsawonta. Ta ce, "Kunnen dama ko na hagu?"

"Wanda ya fi ƙasa, ranki ya daɗe. Ke ce ma kika ƙara wannan gyaran."

To, ta ce ba ta sani ba, a ce barci take a majalisa? Kura ta sauko da kanta, ta sauke buhu shida da kilishi duka, ta jera su a ƙarƙashin gada inda Kurege ya nuna mata. Har tana cewa, "Ka riƙe aikinka da kyau. Haka muke so."

Tana ba da baya Kurege ya faɗa kan buhu yana shure-shure don dariya. "Kura mai cin na mutane, yau an ci naki kina sa albarka!" Ya ci gyaɗa, ya ci kilishi, har ƙoƙon kansa ya karkace.

Da gari ya waye sai ga Dorina a kan babur, tayoyi sun baje suna neman agaji.

Fiiit! "Hajiya, ina hular kwano?"

Dorina ta ce, "Wace hula ce za ta shiga kan nan? Na zaga kasuwa uku."

"Doka ba ruwanta da girman kai. Sashe na ashirin da ɗaya: wanda hula ba ta shige shi ba, ya kifa kwatarniya."

Dorina ta koma gida ta dawo da kwatarniyar wanki a ka, ba ta ganin komai sai cikinta. Direbobin da ke jira a baya suka sunkuyar da kai suna cizon leɓe. Kurege ya yi tsalle ya hau kan fitilar babur, ya leƙa ƙarƙashin kwatarniya, ya rage murya.

"Hajiya, ki riƙe wannan a cikinki. Ni aka ɗora wa rubuta allon sunan gada. Ni kuwa na duba, na ga gada ba ta kwana kan ruwan wani ta amsa sunan wani. Gadar Hajiya Dorina. Ji yadda ya zauna a baki!"

Dorina ta yi wani murmushi da ya kusa tsage kwatarniya. "Sake faɗa in ji."

"Gadar Hajiya Dorina. Sai dai hannuna rawa yake don yunwa, kada in je in rubuta sunan wani."

Kafin azahar rake da kankana da dankalin fadama sun cika ƙarƙashin gada. Kurege ya ce mata, "Jibi da hantsi ki zo da makaɗanki, ki buɗe abarki."

Da la'asar aka ji jiniya. Toron Giwa ne a gingimari, ya raba hanya biyu yana bin tsakiya, masu keke na faɗawa kwata. Wannan karon Kurege bai busa usur ba. Ya ɗage gora, ya zube ƙasa yana kwasar gaisuwa.

"Allah ya ja zamanin Kakaki! Ranka ya daɗe, akwai magana. Dorina ta zo ta cika ni da rake wai in rubuta sunanta a allon gada. Na ce mata ni ɗan halak ne, na san wanda ya taka gadar nan ta amsa."

Toron Giwa ya kaɗa kunnuwa. "Kai yaron kirki ne. Me za ka rubuta?"

"Gadar Mai Girma Toron Giwa, Kakakin Majalisa, Gagara Gasa, Bangon Dawa."

"Ƙara da Uban Marayu."

"An ƙara. Sai dai suna mai tsawo fenti yake ci, ranka ya daɗe. Fentin manya kuwa, kamar yadda sashe na talatin ya tanada, da zuma ake dama shi."

"Na sani," in ji Toron Giwa. "Ina kujera aka karanta wurin."

Tulu huɗu na zuma aka sauke. Kurege ya ce, "Jibi da hantsi, ranka ya daɗe." Gingimari na wucewa ya tsoma kai cikin tulu, ya ɗago yana ɗiga. "Manya gatan wasa! Ƙaton kai kamar rumbu, ba ko zangarniya a ciki. Ni Kurege, na sayar da gada ɗaya sau biyu, ko ƙusa ba ni da ita a jikinta!"

Washegari ya wuni yana jidar kaya zuwa wani rami a hayin kogi. Niyyarsa ranar buɗe gada, kafin hantsi ya dubi ludayi, ya yi layar zana.

Da gari ya waye ya ɗauki sauran ƙunshinsa zai tafi, sai ya hango wani tsohon Kunkuru na tahowa a gefen kwalta, taku ɗaya hutu biyu, da wani ƙunshi ɗaure a bayansa. Kurege ya shinshina iska. Ya ce a ransa, "Wannan faɗin, wannan kaurin, kilishi ne. Ɗaya na sallama." Ya ajiye kayansa, ya mai da ƙoƙo ka.

Fiiit! "Tsaya, Baba! Gudun me kake haka? So kake ka kashe mutane?"

Kunkuru ya tsaya. Ya ɗago kai a hankali ya dube shi tun daga ƙoƙo har farar ƙasa. "Ni ke gudu?"

"Kai fa. Ƙurarka kawai na hango. Sashe na arba'in: mai gudun wuce sa'a, a ƙwace kayansa."

"Na nawa ka ce, ɗana? Kunnena ya yi nauyi. Matso."

Kurege ya matso ya daka tsawa, "Na arba'in!"

Kunkuru ya ce, "Dokar sashe goma sha biyu gare ta. Ni ne Akawun Majalisa. Ni na rubuta ta, ni na karanta ta, ni kaɗai ne ban yi barci ba. Ita ce a bayana, kwana huɗu ina tafe in manna ta a bakin gada. Kai kuma wa ya ɗauke ka aiki?"

Kurege ya juya zai zura da gudu. Caraf! Kunkuru ya cafke wutsiyarsa, ya datse baki. Kurege ya ja, ya yi magiya, ya yi alkawarin rabin zuma. Bakin Kunkuru kamar an sa masa kwaɗo.

Ana cikin haka kiɗa ya tashi ta gabas, ya tashi ta yamma. Toron Giwa ya hawo gada da masu kakaki, Dorina ta hawo da masu kalangu, kwatarniya a kanta an yi mata ado da fenti. Suka yi kiciɓis a tsakiya, gada ta yi ƙara kamar za ta yi magana.

"Hajiya, kin kyauta da kika zo taya ni murna," in ji Toron Giwa.

"Murnar me? Gadata na zo buɗewa."

"Taki? Tulu huɗu na zuma na bayar na fenti!"

"Ni fa gonar rake guda na sare!"

Kura da ta biyo ƙanshin walima ta kutso kai. "Wai jami'in nan mai ƙoƙo? Buhuna shida na wurinsa, saboda sashe na goma sha uku."

Duk suka juya suka ga jami'in nasu yana reto a bakin Kunkuru, farar ƙasa na zuba. Jama'a suka fashe da dariya, har Jaki ya faɗo daga babur. Toron Giwa ya tako, ƙasa na girgiza. Ya ɗaga ƙafa, sai kuma ya tuna idon talakawa na kansa. Ya sauke ta, ya yi gyaran murya.

"Mu masu bin doka ne. Me doka ta tanada wa mai sojan gona?"

Ya dubi Dorina, Dorina ta dubi cikin kwatarniya. Ya dubi Kura, Kura ta hau sosa kunne. Wanda ya sani kuwa bakinsa cike da wutsiya.

Kurege ya langaɓe kai, ya matso hawaye. "Ranka ya daɗe, tun da asirina ya tonu, bari in faɗi gaskiya ko da za ta kashe ni. Sashe na tara ne. Ya ce mai sojan gona a kulle shi cikin rumbun gyaɗa wata uku, kada a ba shi komai sai zuma."

Toron Giwa ya gyaɗa kai. "Haka ne, na tuna wurin."

"Ni ma na tuna," in ji Dorina.

Idanun Kunkuru suka firfito. Ya yi gunji ta hanci, ya buga ƙafa, ya kumbura kamar zai fasa ƙoƙon bayansa. Shekara talatin yana aikin majalisa ba a taɓa yi wa rubutunsa irin wannan cin mutunci ba. Da ya ji Kakaki ya ce, "A nemo rumbu," sai haƙuri ya ƙare.

"Ƙarya ne! Sashe na tara maganar birki ce!"

Wuf! Kurege ya fizge, ya bar rabin gashin wutsiyarsa a bakin Akawu. Ya bi ta tsakanin ƙafafun Dorina, Kura ta kai masa cizo ta sami ƙoƙo. Yana daf da tsira hancin Toron Giwa ya same shi a haƙarƙari, tim! Ya tashi sama, ya wuce kan makaɗa, ya faɗa cikin sarƙaƙiyar ƙaya a hayin kogi, ya gangara har bakin ruwa.

Ya miƙe yana ɗingishi, ido ɗaya a kumbure, wutsiya kamar tsohuwar tsintsiya. Ya waiwaya ya ga Toron Giwa da Dorina sun riga sun koma cacar baki kan suna, Kunkuru na ɗaga takarda yana roƙon a saurare shi, ba mai dubansa. Kurege ya haye kan suri ya ɗaga murya.

"Ku gai da majalisa! In kun yi dokar kasuwa ku aiko mini, in zo in karanta muku!" Ya faɗa ciyawa ya ɓace.

Majalisa ta zauna sau bakwai kan sunan gadar nan, kujerun jifa suka ƙare ba a daidaita ba. Allon na nan tsaye fari fat. Amma in ka shiga mota a Tudun Kanya, za ka ji mai kiran fasinja na cewa, "Gadar Kurege, saura mutum ɗaya!" Toron Giwa ya hana, Dorina ta kai ƙara, suna ya ƙi gogewa.

Ƙurunƙus kan wutsiyar da ta tsira da rabi.