Dutsen da Ipuki Ya Juya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, kunnenmu na gare ki.

A ƙasar Masar ta dā, mutane sun yarda cewa mutuwa biyu ce. Ta farko ranar da rai ya fita. Ta biyu ranar da aka goge sunan mutum daga jikin dutse, daga nan ko a lahira ba shi da wurin zama. Shi ya sa kowane Fir'auna, da ya hau gado, sai ya hau gina ɗakunan bauta, a sassaƙa sunansa a jiki.

To, akwai wani tsoho mai sassaƙar dutse, sunansa Ipuki. Shekarar da Kogin Nilu ya ƙi kawo ruwa, Sarauniya Sanmita ce ta buɗe rumbunanta ta ciyar da magina. Kunun hatsinta ne ya raya 'yar Ipuki. Shi kuwa da hannunsa ya rubuta sunanta wuri uku a ɗakin bautarta.

Sai ta rasu. Sai wani Fir'auna ya hau, wanda ba ya ko son jin sunanta. Ya ce a rushe ɗakin, a yi masa nasa da duwatsun.

Sarkin magina, wani mai jan ido wai shi Hanaro, ya kira Ipuki ya ce, "Tsoho, kai ka rubuta, kai za ka goge. Ka bar harafi ɗaya, kadojin kogi su yi kalaci da kai."

Rana ta farko, sunan bakin ƙofa. Hanaro na tsaye a kansa. Ipuki ya ɗaga guduma, ƙwas, ƙwas, sunan ya zube. Saura biyu.

Rana ta biyu, sunan jikin ginshiƙi. Ipuki ya ce, "Ranka ya daɗe, hannuna ciwo yake."

Hanaro ya ce, "Kada bai damu da hannu mai ciwo ba. Buga!"

Ya buga. Saura ɗaya.

Rana ta uku, dutsen ƙarshe. An kwantar da shi gindin sabon bango, ana jira a goge a ɗora. Rana ta take tsaka, Hanaro ya koma inuwa shan ruwa. Ipuki ya waiga, ba mai kallonsa. Sai ya yi ta bugun gefen dutsen, ƙwas, ƙwas, ƙura na tashi, sunan kuwa bai taɓa ba. Ya sa kafaɗa ya mirgina shi, sunan ya koma baya. Ya ce wa masu jan dutse, "An gama, ku ɗora." Suka tura shi cikin bango, sunan na kallon ciki.

Hanaro ya dawo. "Ina dutsen?"

"Ga shi can a bango."

"Wa ya ga gugar? Ku zaro shi in gani!"

Aka kawo igiya. An ɗaura ke nan, sai ga kakaki, Fir'auna ya zo duba aiki. Kowa ya zube. Fir'auna ya bi bango yana shafawa, yana shafawa, har ya tsaya kan dutsen nan.

Ya ce, "Wannan fari mai santsi fa, me ya sa aka ɗaura masa igiya?"

Ipuki, goshinsa a ƙasa, ya ce, "Ranka ya daɗe, duk ginin nan babu dutsen da ya kai shi. Shi ya dace da sunanka."

Fir'auna ya sake shafa dutsen.

Can Fir'auna ya ce, "Rubuta. Kuma daga yau duk wanda ya motsa dutsen nan, a ba kada shi."

Hanaro da kansa ya kwance igiyar.

Ipuki ya sassaƙa sunan Fir'auna a gaba. A hankali yake bugu, don kada na baya ya tsage. Da ya gama, ya kai baki jikin dutsen ya ce, "Uwar ɗakina, kwanta lafiya. Ga maƙiyinki na miki gadi."

Kurunkus kan kusu, ta ƙare a nan. Wanda ya ciyar da ku ranar yunwa, kada ku bari a manta da sunansa.