Mashin Ɗin Arzika da Ya Ƙi Mutuwa

A garin Karaye ta ƙasar Maiyama akwai wani manomin albasa mai suna Arzika. Mutumin kirki ne, ba ya cin haƙƙin kowa, amma Allah Ya ɗora masa ciwo guda: ba a gama yi masa bayani. Kana buɗe baki zai ce ya sani. Ko a asibiti ne aka fara gaya masa yadda zai sha magani, kafin a kai ga "bayan cin abinci" ya riga ya kai bakin ƙofa.

Yana da wani tsohon mashin da ya gada wurin yayansa, wanda ya tsufa har ba mai iya rantsewa ga launinsa na asali. Makulli ya daɗe da lalacewa. Famfon mai an ɗaure shi da roba a buɗe. Birki kuwa sai an taimaka masa da tafin ƙafa. In zai tayar da shi da safe, sai ya buga kik har rigarsa ta jiƙe, maƙwabta su gaji da ji su fito su tura. In zai kashe shi, sai ya miƙa hannu ya fizge wayar fulogi. Kwayil ɗin, wato abin da ke aika wa fulogi wuta, ya yi sanyi ƙwarai, don haka abin da Arzika ke ji a yatsa bai wuce cizon tururuwa ba. Shekara da shekaru haka yake yi.

A shekarar da nake ba ku labari, ruwan ƙarshen damina ya wanke irin albasar da ya yafa. Kowa ya dasa nasa, iri ya yi wuya. Sai surukinsa Malam Waliyyu na Kashin Zama, mahaifin matarsa Tasalla, ya aiko cewa akwai ragowa a lambunsa, ya zo da sassafe a cire masa, amma lallai ya dasa a ranar. Wannan iri shi ne noman ranin Arzika gaba ɗaya, babu wani a bayansa. Ya shayar da fangalinsa, ya kira gayya da azahar, ya ce Tasalla ta dafa tuwo mai yawa.

Ana gobe tafiya ya shiga Jega wurin Ismail bakanike, don ba ya son a tura shi a gaban suruki. Ismail ya fito masa da sabon kwayil, ya ce ya bar mashin ɗin zuwa la'asar ya ɗaura masa, ya gyara makullin gaba ɗaya.

"Baba Arzika, wanga ba irin na da ba na. Wutatai in ka kuskura ka..."

"Na sani," in ji Arzika. "Tun ba a haihe ka ba nika hawan mashin."

Ya jefa kwayil a aljihu ya yi gaba.

Washegari bayan sallar asuba ya ɗaura abinsa da kansa, kuma gaskiya ya ɗaura daidai. Har ya ƙara murɗa silo sama, wato abin da ke sa injin ya yi ta ruri ko ba a ja totur ba, don garin ya ji. Kik guda ya buga, mashin ya ɗauka da wata irin ƙara da ta tarwatsa kajin unguwa. Maƙwabtan da suka fito turi suka tsaya riƙe da baki. Arzika bai ko dube su ba, ya ja totur. Ya ratsa Jega kamar an aiko shi da wuta, ya yi wa Ismail hon bai tsaya ba.

Hantsi bai yi ba ya isa lambun surukinsa. Ya jingine mashin, ya tuɓe takalmi tun daga nesa kamar yadda ya kamata ga suruki, ya taka danyar ƙasar da aka gama ba ruwa. Sannan ya miƙa hannu ya kama wayar fulogi.

Jama'a, wanda bai taɓa ji ba kada ya nema. Abin ya shiga ta yatsa, ya bi ta haƙora, ya fita ta diddige. Hularsa ta faɗi. Ihu ya taso masa tun daga cibiya, amma ga suruki tsaye, dole ya haɗiye shi. Gwiwoyinsa suka lanƙwashe ya zube ƙasa. Malam Waliyyu ya ga haka ya ji daɗi, ya ce wa masu cirar iri su dubi yadda ake gaida manya, ba irin yaran yanzu ba. Da ya ga hawaye a idon Arzika ya tambaya, Arzika ya ce yajin albasa ne.

Mashin kuwa yana nan yana ruri. Malam Waliyyu ya ce, "To kashe abin ga mu gaisa, ban jin mi kaka cewa."

Arzika ya dubi wayar, wayar ta dube shi.

"Baba, sabon ƙarhe na. Ranar hwarko ba a kashe shi, sai ya saba."

Malam Waliyyu ya ce ikon Allah, zamani ya zo da abubuwa.

Da tsohon ya juya baya, Arzika ya lallaɓa ya sa giya ya saki kuloci don injin ya shaƙe ya mutu. Amma silo na sama, birki babu, sai mashin ya yi tsalle ya shige shingen ƙaya da shi, bai kuwa mutu ba. Wani ɗan acaɓa, Sabi'u, da ya kawo taki lambun maƙwabta, ya taimaka aka jawo shi. Sabi'u ya fara cewa ai in aka toshe inda injin ke shan iska, ko aka zare tiyon mai... Arzika ya ce ya sani, gwaji yake yi.

An cire iri, an zuba a buhunan taki biyu. Sai dai gidan suruki ba a cewa ana sauri. Aka ce sai ya shiga gari ya gaida mahaifiyar Tasalla. Aka dama fura. Aka ce ga kawu kwance ba lafiya, a leƙa shi. Aka ce an yi haihuwa a gidan liman, ba ya tafi bai yi barka ba. Duk inda ya shiga, mashin na ƙofar gida yana kuka shi kaɗai. Har azahar ta riske shi, aka yi salla mashin na ruri a bayan masallaci, liman na ɗaga murya kamar mai kiran wani a hayin gulbi.

Da aka sallame shi ya ɗaure buhunan hagu da dama cikin gaggawa, bai kula ba na dama ya kwanta a kan salansa, wadda tun asuba ba ta huta ba. Da ya tuna 'yan gayya na jira, sai ya bar kwalta inda masu sayar da mai suke, ya yanke ta daji. Tanki kuwa bai ko girgiza ya ji ba.

A tsakiyar daji, inda babu gida gaba babu gida baya, mashin ya yi tari biyu ya yi shiru. Abin da Arzika ya wuni yana nema ya samu, amma ba a inda yake so ba. Ya buga kik har ƙafarsa ta sage. Ya buɗe tanki, ko warin mai da kyar ya ji. Ya kama turi, rana na dukan buhun hagu, na dama na tururi.

Wani Bafulatani makiyayi da ke tsaye jingine da sandarsa ya shaƙi iska ya ce, "Kaɗo, wa ka suyar albasa cikin dajin ga?"

Arzika ya ci gaba da turi. Karon farko ke nan a rayuwarsa da ya san amsa bai faɗa ba.

Ana kiran magariba ya shigo Karaye yana jan ƙafa. 'Yan gayya sun jira har sun gaji, sun cinye tuwo, sun yi wa Tasalla godiya, sun watse. Ta kwance buhun dama, ta ga iri ya dahu luguf. Ta kwance na hagu, ta ga ya yi laushi ya fara wari, ɗan abin da ya rage da rai bai cika fangali guda ba. Sai ta ɗauko turmi.

"Malam, kai ka kawo shi dahwahhe, ni bari in ƙarasa."

Ta kirɓa ganyen, ta dunƙula shi gabu, ta shanya. A ranin nan, lokacin da motoci ke lodin albasar maƙwabta zuwa kasuwa, fangalin Arzika ciyawa ce a ciki, shi kuwa yana dakon buhunan wasu. Noman shekararsa duka a miya ya cinye shi, kullum dunƙule guda, kuma kullum Tasalla sai ta tambaye shi ko albasar bana ta yi daɗi.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, in ana yi maka bayani ka bari a kai ƙarshe, don sau da yawa abin da zai cece ka yana can a wutsiyar magana. In ka sa sabon abu a tsohon wuri, ka tambaya ko tsohuwar ɗabi'arka za ta zauna da shi. Kuma in ka yi kuskure, faɗi tun da safe. Kunyar cewa "ban sani ba" ta ɗan lokaci ce, amma wanda ya ɓoye ta yana iya wuni yana turi, ya shekara yana nadama.