Duron Subiyar Abdulmajid

Akwai wani mutum a unguwar Sa'alaba ta Jidda mai suna Abdulmajid, wanda tauraronsa ba ya haskawa sai azumi ya kama. Subiya yake sayarwa, jiƙon sha'ir ɗin nan mai kirfa da sukari da mutanen garin ke buɗa-baki da shi. Tun la'asar layi yake kaiwa bakin titi.

Sai dai ba shi ke haɗa ta ba. Wata dattijuwa ce 'yar Maraɗi, Uwani, shekara goma sha bakwai tana kula masa da jiƙo, shi ne kuma kafilinta, wato mai riƙe da takardun zamanta a ƙasar.

Subiya kuwa sai an bi ta a hankali. In ba ta kwana ba, ruwa ce salam. In ta zarce, ta kama hanyar zama giya. Ga shi kowa da azumi a baki, babu mai kurɓa ya ji. Ita Uwani kunne take karawa a jikin duro ta saurari kumfa, ta sansana, ta ce a tace ko a bari.

Shekarar da Abdulmajid ya buga hotonsa a jikin leda, kansa ya kumbura. Ya ce jiƙo kwana biyu ne cif, ba ya bukatar kunnen kowa.

Ran goma ga azumi na'urar sanyaya ɗakin jiƙo ta mutu tun safe. Da la'asar Uwani ta leƙo, ta ce a hankali, "Ya waladi, ɗana, duro huɗun nan sun wuce. A zubar."

Maimakon ya ja ta gefe, sai ya juya wajen masu layi yana ƙyaƙyata dariya.

"Ku ji mini tsohuwa! Wai duro ne yake mata magana. Halas, ya isa haka, Hajiya, kin tsufa. Yalla, ɗauki takalmanki!"

Aka yi dariya. Ta fita tana gyara mayafi. Shi kuwa ya ƙulla komai a leda ya sayar, har da leda hamsin da wani attajiri ya saya sadaka don masallacin unguwa.

Da aka kira magariba, ledoji sun kumbura suna huci. Liman ya kai baki, ya furzar a kan shimfiɗa, yana salati.

Kun san abin da Abdulmajid ya yi? Ya rantse da Allah cewa Uwani ce ta zuba wani abu don haushi. Ya yi mata takardar fita daga ƙasa. Ta roƙe shi da hawaye ya bari ta yi umarar goman ƙarshe, ita ce ta ƙarshe a rayuwarta.

Ya ce, "Ki yi a Maraɗi."

Wallahi wannan maganar har yau tana ci mini rai.

Bayan jirginta ya tashi, jiƙo na gaba ya fito ba ɗanɗano. Na bayansa ya fi na masallaci tsami, kuma yanzu babu tsohuwar da za a ɗora wa laifi. Kafin Sallah layi ya watse. Daga Sa'alaba har unguwar Mahjar babu mai ce masa Abdulmajid mai subiya, sai Abdulmajid mai giya. Ya kira lambarta sau ashirin, ba ta shiga.

Ran jajibirin Sallah ya je buɗa-baki gidan mahaifiyarsa, riƙe da ledarsa mafi kyau. Ya tarar da subiyar wani shago a tsakiyar faifai.

"Ummi, tawa fa?"

Ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce, "Ajiye ta a waje. Na yi azumin wata guda, ba zan rufe shi da abin da nake shakka ba."

Darasi: Kada ka wulaƙanta wanda gwanintarsa ke riƙe da sunanka, kuma kada ka wanke kanka da hawayen marar gata. Ranar da ka kore shi, mutuncinka ne ya fita tare da shi. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu ma'aikata a ƙarƙashinsu.