Jagoran Da Ya Koyi Gajiya

Akwai wani matashi a Danchadi, can ƙasar Bodinga, a zamanin mulkin Turawa, ana ce masa Maniru. Jama'a, Allah ya ba yaron nan ƙafa. Idan ya kama hanya sai dai ka hangi bayan rigarsa. Tuddai da duwatsun da suka raba Danchadi da Mandera kuwa ya san su ciki da waje, don tun yana ƙarami yake bin awakin babansa a cikinsu.

A wancan lokacin, da an gama girbi an kai gero rumbu, sai mazan ƙauye su ɗaure ƙunshi su tafi cin rani Gwanja. Wani ya dawo da damina, wani ya shekara, wani kuma shiru kake ji. Gonar Maniru ƙarama ce, ba shi da fadamar albasa, saboda haka bana ma tafiyar ce ke jiransa da an ga sabon wata. Ga matarsa Safinatu da tsohon ciki, kuma na fari.

Wata rana tana tankaɗe ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Malam, ke nan sai dai a aika maka da labarin haihuwa?"

Maganar ta soke shi. Ya ce, "Ba ni zuwa ko'ina, in Allah ya so. Jagora za ni zama."

Hanyar mota a lokacin zagaye take yi mai nisa. Mai son yanke sai ya bi ta duwatsu, kuma hanyoyin cikinsu suna da ruɗarwa, shi ya sa 'yan koli da masu ziyara suke ɗaukar jagora su sallame shi da abin da ya samu. Tsoho Ɗanmusa ne mai wannan sana'a shekara da shekaru, amma yanzu gwiwoyi sun ce ba su san zancen ba.

Maniru ya samu wasu 'yan koli masu kaya a ka, ya ce zai kai su Mandera. Kai, ranar an sha kallo! Mutumin naku ya saki ƙafa bai ko waiwaya ba. Ya isa, ya yi salla, ya sha fura, har ya ɗan kishingiɗa, sannan bayin Allah suka fara ɓullowa ɗaya bayan ɗaya. Wani takalminsa ya tsinke, wani ya ɓata sai da makiyaya suka ɗora shi a hanya.

Maimakon ya ba su haƙuri, sai ya tuntsire da dariya ya ce, "Ku dai ba ku da ƙahwa!"

Shi ke nan, labari ya zaga kasuwanni. Ba wanda ya sake neman Maniru.

Da abin ya ishe shi, sai ya je ya durƙusa a zauren Ɗanmusa. Ya ce, "Baba, mi nir rasa? Ba dutsen da ban sani ba."

Tsohon ya dube shi ya yi murmushi. Ya ce, "Hanya kam ka san ta, ka ma hi ni. Ga wani aiki. Yayata Inno tana son zuwa Mandera, jikanyarta Bilki ta haihu, Alhamis da sahe za a raɗa suna. Ka kai min ita ranar Laraba."

Sai dai a makon nan aka yi shela cewa wani Bature mai awon ƙasa ya sauka a Bodinga, yana neman mai ƙafa wanda zai riƙa hawa tuddai da shi rani guda cur. Alhamis da hantsi zai zaɓa. Mutum biyu ake zance, Maniru da wani abokinsa Attahiru. Wannan aiki kaɗai ya isa ya raba shi da tafiya Gwanja.

Amma ya yi lissafinsa irin na masu sauri. Zai sauke tsohuwa a Mandera da azahar, ya juyo, ya kwana gida, ya yi sammakon Bodinga. Ya ce, "Baba, an gama. A nemo mata jaki?"

Ɗanmusa ya yi dariya har da tari. "Jaki? Tun da wani yak kayar da ita gaban surukanta tay yi rantsuwa. Da ƙahwa za ku."

Laraba da sassafe Inno ta fito da sandarta da ɗan ƙunshin daddawa da sabon zanen goyo. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, amma bakin nan nata sai a hankali. Tana ganinsa ta fara tsokanar da kakanni ke yi wa jikoki: "A'a, wanga shi na sabon mijin nawa? Duk tsawo, ba nama!"

Suka kama hanya. Maniru ya yi gaba, ya tsaya, ya jira, ya sake yin gaba. Rana ta ɗaga, ba su ko gama tudun farko ba. Ransa ya fara ɓaci.

"Inna, kin gaji?"

"Ni? Allah shi kiyaye. Tahi mu tahi."

"Ga ruwa."

"Ba ni jin ƙishirwa."

Shi kuwa ya ɗauka gaskiya ce, ya rataya gorarsa ya ci gaba. Sai da suka shiga wani hawa mai tsakuwa ya waiwaya ba zato. Ya gan ta jingine da dutse, ido a rufe, leɓɓa sun bushe, tana haki. Tana jin motsinsa ta miƙe tsaye ta shiga gyara ɗaurin kallabi, wai ita abin da ya tsayar da ita ke nan. Da ya dubi inda ta taka, sai ya ga ɗigon jini. Fason dugaduganta ne ya buɗe.

Wallahi sai a lokacin ya gane. Matar da ta tashi cikin kunya irin ta mutanen da, yaushe za ta buɗe baki ta ce wa namiji ta gaji? Yaushe za ta ɗaga gora ta sha yana kallo? Ta gwammace ta faɗi a kan dutsen nan. Nan take 'yan kolin nan suka faɗo masa a rai. Ashe su ma ba ƙarfi ne ya hana su magana ba, kunyar a ce sun kasa ce.

Akwai wata aduwa a gefe mai 'yar inuwa. Maniru ya je ya zube a gindinta ya ce, "Wash! Inna, ni kam sai na huta. Ki yi haƙuri da ni."

Inno ta harare shi. "Tun yanzu? Allah wadan mijin zamani." Amma ta zo ta zauna, har da ajiyar zuciya.

Ya buɗe gora ya kurɓa, ya ajiye ta kusa da ita, sannan ya juya mata baya yana ta kallon tuddai kamar yau ya fara ganinsu. Can sai ya ji ƙwat, ƙwat, ƙwat. Bai juyo ba sai da ya ji ta mayar da marfi.

Daga nan tafiya ta canza. Ya daina wucewa gaba, ya koma gefenta ta wajen gangare. Ya daina tambayarta komai, sai dai ya saurari numfashinta. Da ya ji ya fara nauyi, sai shi ya nemi hutu. Nan ya ce zafi ya dame shi, can ya ce zai gyara igiyar takalmi. Ya yagi bakin rawaninsa ya ajiye a kan dutse ya tafi wai duba hanya, da ya dawo ya tarar an ɗaure ƙafa, ba wanda ya ce wa wani komai.

Ita kuwa baki ya buɗe. Ta nuna masa inda aka bi da ita ranar da aka kai ta gidan miji, ta rera masa waƙar daka, ta ba shi labarin jakin nan tun daga farko. Maniru ya yi dariya har da hawaye. Bai taɓa sanin hanyar nan tana da daɗi haka ba.

Sai dai rana ba ta jira su ba. La'asar sakaliya ta same su a rugar wani makiyayi mai suna Hammadu, kuma da sauran babban hawa guda a gabansu. Aka ba su tabarma da nono.

Hammadu ya ja Maniru gefe ya ce, "Na ji zancen Baturenku. In ka juya yanzu, da ƙahwarka, ka iske shi. Bar tsohuwa nan wurin iyalina. Gobe in na dawo kiwo da marece sai in miƙa ta."

Da marece. Wato an raɗa suna, an ci, an watse.

Ashe Inno ta ji. Ta kira shi, wannan karon ba wasa a muryarta. Ta ce, "Tahi, ɗana. Na san abin da ka baro gida. Na ga uwar Bilki ranar sunanta, na ga Bilki. In ban ga wanga ba, ba komi." Tana faɗa tana shafa zanen goyon da ke kan cinyarta.

Maniru ya dube ta. Tsoro ya kama shi sosai, ba ƙarya. Ya hango kansa a hanyar Gwanja da ƙunshi a ka, Safinatu tana naƙuda ba ya gari. Ya dubi hanyar Bodinga, ya dubi hannun tsohuwar nan a kan zane. Sai ya cire takalmansa ya zauna.

Ya ce, "Inna, kin san mijin naki rago na. Ina ni ina Bodinga yau?"

Inno ta kawar da kai ta goge ido da bakin mayafi.

Suka kwana a rugar. Ana sallame asuba suka tashi, da suka zo babban hawan ya durƙusa ya ce ta hau bayansa. Ta yi ta faɗa, ta ce sai dai in ya rantse ba zai gaya wa kowa ba. Ya goye ta har saman tudu, ya sauke ta tun kafin a hango su, ta shiga Mandera da ƙafarta tana dogara sanda kamar sarauniya. Suna isa ƙofar gida ana fara rabon goro. Bilki ta ji muryar kakarta daga ɗaki ta fashe da kukan murna, gida ya kaure da guɗa.

Maniru yana zaure, zuciyarsa rabi farin ciki rabi Bodinga, sai ya jiyo Inno a tsakar gida tana ba tsofaffin mata labari da ƙarfi.

"Ku ji min jagora! Ban taɓa ganin rago irinai ba. Kowace inuwa sai ya zauna!"

Wata ta ce, "Kowace inuwa?"

"Kowace! Ga shan ruwa. Kuma in ya sha sai shi aje gora shi juya ma mutum baya."

Tsofaffin nan suka dubi juna, don kowace ta gane abin da ake faɗa. Sai wata mai suna Hajara ta ce, "Ɗiyata na aure Danchadi. Rabona da ita tun ƙahwahuna na da ƙarhi. Duk wanda nir roƙa shi kai ni, sai in ji tsoron zame mai kaya." Ta share hawaye ta ce, "Wanga ragon shi nike so."

Washegari Maniru ya koma gida da ayarin tsofaffi a bayansa, ana tafe ana hutawa ana shewa. Ya tarar Attahiru ya samu aikin Bature. Ya je ya yi masa murna, ko da yake abin ya yi masa zafi, ba zai ɓoye ba.

To amma kafin sabon wata ya tsaya, zauren Maniru ya zama tasha. Masu zuwa suna, masu gaisuwar rasuwa, masu kai amarya, dattawan da suka yi shekaru ba su ga 'yan uwansu ba, daga Mandera har Kajiji kowa cewa yake a kira masa Maniru Rago. Wannan ta kawo kwaryar gero, wancan ya kawo zakara, wani albasa. Har 'yan kolin nan suka dawo, ya ba su haƙuri, suka yi dariya aka wuce wurin. Ɗanmusa ya kira shi ya sa masa albarka a gaban mutane.

Ranar da masu cin rani suka tashi, shi ya raka su ya tsallakar da su duwatsu. A tudun ƙarshe suka yi musabaha, suka yi kudu, shi kuma ya juyo gida.

Ba a yi kwanaki da yawa ba, wata safiya yana zaune a zaure yana gyaran igiyar gora, sai guɗa ta tashi a cikin gida. Unguwarzoma ta leƙo tana dariya ta ce, "Albishirinka! Mace, kuma uwa lahiya lau."

Ba ɗan aike ne ya kai masa labari Gwanja ba, da kunnensa ya ji kukan 'yarsa. Ya kamata ya yi kunyar 'yar fari ya sulale gidan aboki, amma ina! Ƙafafun nan da ake ji da su suka ƙi ɗaukarsa. Ya zauna a wurin yana hamdala, hawaye na zuba, yana dariya.

Darasi: Sanin hanya da ƙarfin ƙafa ba su ke sa mutum ya zama jagora ba. Jagora shi ne mai lura da wanda ya fi kowa rauni, ya sauƙaƙa masa ba tare da ya kunyata shi ba. Kuma alherin da ka yi ka rasa wata dama saboda shi, Allah ba ya barin sa ya tafi a banza. Idan akwai wanda ya taɓa rage saurinsa don kai, yi masa addu'a yau, sannan ka tura wannan labari ga 'yan uwa su ma su amfana.