Takardar da Ta Rufe Irin Albasa

Maniru ɗan Bodinga ne, saurayi mai ƙwazo da kaifin kai, amma yana da hali guda da ya fi ƙarfinsa, wato gaggawar samun kuɗi. Duk aikin da ba zai kawo masaya yau ba, a wurinsa ɓata lokaci ne. Ka yi masa magana tun safe har azahar, amsarsa ɗaya ce: "Ba komi, a bari sai gobe."

Ya koyo sana'ar yin kiret ɗin ƙwai da tsofaffin takardu. Ana jiƙa takarda, inji ya markaɗa ta har ta koma kamar kunu, a zuba a ƙarfen da ke fitar da siffar kiret, a shanya a rana. Kawunsa Lawali, manomin albasa a Danchadi, shi ya ara masa fili a saman lambunsa, da sharaɗi guda.

"Abinka shi tsaya wurinka," in ji tsohon. "Rad da ƙazantarka ta shigo min lambu, ka kwashe injinka."

Ciniki ya buɗe. Masu kiwon kaji daga Sifawa har Shagari suna ta zuwa. Maniru ya riƙa jibge kwalaye da takardun makarantu a tsirarar ƙasa, babu rumfa, babu dandamali. Ruwan markaɗe kuwa, 'yar hanya ya ja masa da fartanya zuwa bayan fili, ya manta da shi.

Wata rana Kawu Lawali ya tsaya ya daɗe yana kallo. "Maniru, wanga ruwa da kaka zubarwa, ina shika tahiya? Wanga tuli kuma, ba ka tsoron ruwan sama?"

"Ruwa na kawai, Kawu, ƙasa ta shanye shi. Damina kuma ta kusa wucewa."

Ba ta wuce ba. Da la'asar ɗin wata Talata aka sheƙa ruwan ƙarshe kamar da bakin ƙwarya. Tulin takarda ya jiƙe ya narke, ya haɗu da dagwalon da ya taru a baya, duka suka gangara cikin gadajen da Kawu ya yafa irin albasarsa. Kwana biyu rana ta buga. Abin ya bushe ya zama ɓawo fari-fari, shimfiɗe a kan gadajen kamar an lulluɓe su da takarda. Irin da ya fara tsirowa duk ya shaƙe a ƙarƙashi.

Maniru ya tarar da kawunsa a tsugune yana ɓamɓare ɓawon da hannu, yana duba ko akwai mai sauran rai. Kunya ta kama Maniru har ya kasa ɗaga kai.

"Kawu, na yi laihi. Gobe in sha Allahu in kwashe injin."

"Gobe kuma?" Tsohon ya miƙe yana kaɗe hannu. "Zo ka gani."

Ya kai shi gaban rudu, wato rumbun kara da ake ajiye albasa a ciki, ɗage daga ƙasa a kan itace, iska na ratsawa ta ƙasa, jinka na kare ta sama.

"Albasa ta hi takarda son ruɓewa, amma wata biyar takan yi nan lahiya lau. Ka yi wa takardarka irin wanga. Ka gina rami biyu, ruwa shi kwanta a na hwarko, shi tace a na biyu. In ka gama, mu yi magana. Injinka ba shi tashi sai na gani da idona."

A ranar ya fara, ba gobe ba. Mako biyu inji na rufe, masaya na zuwa suna komawa hannu wofi, shi kuma yana sarar itace yana haƙa rami. Ya hau babur har Kajiji ya samo irin dashe, ya dasa wa kawunsa da hannunsa. Kawu ya zo ya duba ya yarda. Da aiki ya dawo sai Maniru ya ga abin mamaki: laka mai kauri da ke kwanciya a ramin farko ashe takarda ce, ana kwasowa a mayar inji. Watanni ke nan yana zubar da kayan aikinsa a lambun mutane.

Ranar da aka cire albasa, Kawu Lawali ya hauro da kwando cike, ya dire a gaban rudun takarda, ya leƙa ramukan biyu.

"Yaushe za ka kwashe wanga rami? Ya kusa cika."

Maniru ya riga ya ɗauko shebur. "Yanzu, Kawu."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, sana'a ba ta ƙarewa a abin da ka sayar. Inda ka ajiye kayanka da inda ka zubar da shararka, duk cikin aikin suke, kuma abin da ka yi sakaci da shi a filinka, maƙwabcinka ne zai fara shan wahalarsa. Wanda kuma ya amsa laifinsa ya gyara a ranar, ƙofa ba ta rufe masa ba.